Rasuwar Hajiya Tela, Mai Ɗinka Alama a Muhallinta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Cibiyar Binciken Hoton Cututtuka suka samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Shugabar Sashen Harhaɗa Sinadarai, Hajiya Farfesa, wadda kowa ya fi sani da Tela, da safiyar Laraba bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara ashirin da biyu marigayiya ta yi a kan abu ɗaya. Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ke bin ciwon daji har maɓoyarsa su kama shi, kuma idan aka maƙala musu alama mai haske, na'urar hoto takan nuna wa likita wurin. Matsalar ita ce alamar takan manne duk inda ta ga dama, wani sa'in ma a daidai hannun da ƙwayar ke kamu da shi, sai hoto ya fito dishi-dishi. Hajiya ta ce sam. "Wane tela ke ɗinka maɓalli a hammata?" Haka take tambayar duk wanda ya kawo mata aikin kara-zube, har sunan ya bi ta. Ita ta daidaita mana hanyar ɗaura alamar a gindin ƙwayar, wuri ɗaya kullum.

Cibiya ta san abin da ke ran jama'a. Majinyata goma sha ɗaya aka sa wa ranar hoton farko da wannan hanya, cikinsu har da wata malamar firamare mai 'ya'ya uku, wadda jininta ya nuna ciwon ya dawo amma an rasa inda ya laɓe. Tun jiya maigidan wannan malama ya kira mu sau huɗu, kowane kira ya yi ta'aziyya ya kashe, nauyin baki ya hana shi tambayar ko an fasa.

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Hajiya ya san halinta. Sai ta zuba hannuwa a aljihun farar rigarta ta tsaya a kanka, ko kwalba goma za ka ɓata ba za ta karɓa ta yi maka ba. Mun sha gunaguni wallahi, ni mai wannan rubutu har ƙwalla na taɓa sharewa a bayan firji. Yau ga shi mutum shida ke iya haɗin nan da hannunsu.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai girma maigidanta, Alhaji, da 'ya'yanta da jikokinta, waɗanda suka yi haƙuri muka raba ta da su tsawon shekaru. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aikinta ya zame mata sadaka mai gudana, Ya ba iyali juriyar wannan babban rashi.

Kai kuma maigidan malamar firamare, ba a fasa hoton ba. Ka kawo ta ranar Talata da ƙarfe tara, za ka same mu.

Sa hannu:
Tsohon ɗalibin marigayiya,
Kakakin Cibiyar Binciken Hoton Cututtuka