Kati Huɗu, Mace Ɗaya

Zuwa ga Manajan Ma'aikata na kamfanin alewa da ke Bompai.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Ni ce Asabe ta sashen naɗe alewa. Ranar Juma'a na ga sunana a allon bakin ƙofa, cikin waɗanda za a sallama ƙarshen wata. Akawu ya ce ƙa'ida ce, kasuwa ta faɗi, wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya. Ban ƙi ƙa'idar ba. Ƙaryar da ke jikin katina na aiki na ƙi.

Na farko, shekara goma sha huɗu ina naɗe muku alewa, amma katina ya ce wata bakwai. Kun san dalili. Duk macen da ta tafi haihuwa sai a soke katinta. In ta yi arba'in ta dawo, a buɗe mata sabo, a mai da ita kan albashin 'yan koyo. Sau uku ana yi mini haka.

Na biyu, maigidana yana kamfanin jima a Chalawa. 'Ya'yan nan namu ne mu biyu. Shi barka ake yi masa, shekarun aikinsa na nan cif. Ni kuwa kowace haihuwa sai ta cinye mini shekarun da suka gabace ta. Rifkatu, wadda na koya wa murɗa takarda da hannuna, ita ce shugabar teburinmu yau. Ba na jin haushinta. Amarya ce, ta san abin da ke jiran ta.

Na ukun shi ya fi ciwo. Yarinyar da na haifa ƙarshe kwana tara ta yi a duniya. Na dawo ko wankan jego ban gama ba, nono na jiƙa mini rigar aiki, ba mai sha. Na ɗauka tunda ba goyo za a bar mini katina. Aka miƙo mini sabo. Yanzu saboda wadda ke kabari za ku kore ni, ga biyu masu rai a firamare.

Ba sadaka nake roƙo ba. A cire sunana daga allon, a daina soke katin mai jego. Tsofaffin katunana uku suna akwati, naɗe cikin zanen goyon da ban samu na goya kowa da shi ba. Ranar Litinin zan kawo su ofishinku. A jera su da na huɗun, sannan a dubi idona a gaya mini wa ya zo ƙarshe.

Allah ya raya muku zuri'a, kada ya nuna wa 'ya'yanku mata irin wannan allo.

Wassalam.
Asabe, sashen naɗe alewa.