Kin Ce Baƙo Ne Ni

Trieste, Litinin da hantsi

Nives, hasken idona da kuma tsakuwar da ta faɗa cikinsa! Ruwan sanyina na tsakiyar Agusta, wanda ya daskare ya tsaya mini a maƙogwaro! Furen lemona, zumata, gubata!

Ina gaishe ki, ko da yake ba ki cancanci gaisuwa ba. Yau kwananki shida a Udine a gidan 'yarki, kin ɓuya a bayan jikoki, wayarki tana ta ƙara ba mai ɗauka. Ni kuwa ga ni a kicin ɗinki, a ƙarƙashin hoton marigayi mijinki Tullio, yana kallona da idon mai gida, ina kallonsa da idon wanda aka ce ba ya nan. Iskar bora tana jijjiga tagogi tun jiya kamar za ta cire su, kuma na rantse miki ta fi ki tausayi, don ita a fili take marin mutum.

Kin tuna Otranto? Kin tuna Satumban bara waccan, ke da malafarki mai faɗi, kina tsaye a ƙofar coci kina karanta wa ƙawayenki rubutun Latin da ke jikin dutse, kina ta kwaɓa shi da ƙarfin hali? Na gyara miki, kika juyo kika dube ni daga sama har ƙasa kika ce, “Kai kuma wa ya tambaye ka, Farfesa?” Tun daga ranar sunan ya bi ni. Idonki a lokacin ya fi tekun da ke bayanki haske, dariyarki kamar ruwan farko a kan busasshiyar gonar zaitun. Wane irin wawa ne zai ji wannan dariya ya tattara ya bi ta? Ni ne wawan, na kuwa bi ta tun daga kudu, diddigen ƙasar nan, har arewa, ƙoƙon kanta.

A rana ta uku, a kan katangar bakin teku, na gaya miki abin da ban taɓa gaya wa wata mace da bakina ba. Na ce miki sunan mace aka raɗa mini ranar da aka haife ni. Na ce shekara goma sha takwas na yi ina koyar da Latin da Girkanci a makarantar 'yan mata, sanye da siket, kullum ina ji kamar kayan wani na sata. Na ce ina da shekara arba'in da tara na fara karɓar allurar sinadarin maza, aikin ya tafi, dangi suka tafi, kotu ta ba ni sunan Ettore, likitoci suka cire mahaifa da ƙwan da ke cikina. Na bayyana miki cewa jikina yanzu ba ya yin sinadarin komai da kansa, na mace ko na namiji, don haka duk bayan mako goma sha biyu sai an yi mini allura, har ranar da za a rufe ni. Ke kuwa kina ɓare ɓaure, ko ɗago kai ba ki yi ba. Kika ce, “To, na ji. Ni ma haƙorana biyu na roba ne. Matsa can, ka tare mini rana.”

Wayyo Nives! A wannan minti da kin ce in sha tekun, da na durƙusa na fara. Ina matar nan ta shiga? Wa ya sace ta ya bar mini wannan matsoraciya mai kama da ita?

Saboda ke na mayar da makullin ɗakina na Lecce, can kudu. Saboda ke na bar likitar da ta san jikina shekara goma sha biyu, wadda ba ta taɓa tambayata ko na tabbata ba. A can, takardarta ɗaya nake kaiwa ɗakin magani na asibiti a ba ni allurata kyauta, takardar ta yi shekara, a sabunta. Na san kowane yanki a ƙasar nan da nasa tsarin lafiya, amma na ɗauka ƙasa ɗaya ce. Mai karatu irina, wanda ya haddace dokokin mutanen da suka mutu shekara dubu biyu, ya kasa gane dokar masu rai!

Ba ki taɓa raka ni ko sau ɗaya ba, don haka bari in ba ki labarin yawon da na yi. Asibiti suka ce takardar kudu ba ta aiki a wurinsu, sai likitan unguwa na nan ya turo ni. Likitan unguwa ya ce sai na yi rajista a ofishin lafiya. Ofishin lafiya suka ce sai na zama mazaunin gari a takarda, in kuwa rajistar wucin gadi nake so, ga fom. Matar da ke bayan gilashi ta turo mini shi tana taunar cingam, ta ce, “Aiki, karatu, ko jinya. Wanne ya kawo ka?” Na ce mace na biyo. Ta yi dariya har ta kira ta kusa da ita, ta ce, “Baba, wannan ba shi da gurbi a fom ɗinmu.” Na ce to jinya. Ta ce sai na kawo shaidar likitan asibitin nan. Asibitin da ya turo ni wurinta! Kuma ko an karɓe ni, layin wata bakwai ne, sannan sai na fara zama gaban wata likitar tunani, yarinya sa'ar ɗalibaina, ta tambaye ni ko na yi nazari sosai. Ni, da shekara sittin da ɗaya, da furfura a gemu!

Duk wannan na haɗiye. Waɗannan ba su san ni ba, ba su taɓa kwantar da kai a ƙirjina ba. Hanya ɗaya ta rage, in zama mazaunin Trieste. Kika sa hannu a takardar rajistar kina dariya, kina cewa yau kin yi sabon kaya a gida. Kuma kin sani, kamar yadda kowane jariri a ƙasar nan ya sani, cewa bayan haka ɗan sandan gari zai zo ba sanarwa ya duba ko da gaske mutum yana gidan, kuma abin da zai fara dubawa shi ne suna a jikin ƙararrawar ƙofa.

Sau bakwai na roƙe ki, Nives. Na ƙirga. Ɗan guntun takarda kawai, a liƙa a ƙarƙashin na Tullio. Ban ce a cire nasa ba. Na san al'adarku, gwauruwa ba ta taɓa sunan mijinta a ƙofa, ko da ya shekara tara a ƙasa. Na yarda in zauna ƙarƙashin mamaci, ai ko a gadonki haka nake. Kullum amsarki ɗaya: “Bari Ondina ta saba tukuna.” Ondina! Yayar mijinki, tsohuwar mujiya mai shekara saba'in da takwas, wadda ƙofarta ke kallon tamu, wadda ba ta saba da mutuwar ƙanenta ba balle da rayuwar wani. Kin gaya mata ni ɗan uwan wata ƙawarki ne da ya zo shan iska. Wata huɗu ina shan iska!

Sai ranar Alhamis ɗin nan. Na fita tun da safe na kama layi a asibiti. Ɗan sanda ya zo, ya duba ƙararrawa, babu Ettore Mazzotta. Ya duba akwatin wasiƙu, babu. Mutumin kirki ne, ya hau benen duk da haka ya buga. Kafin ki buɗe Ondina ta riga ta fito da tsintsiyarta. A gabanta ya tambaye ki ko ina zaune a nan. Rezata tana banɗaki, littattafaina sun cika rabin falonki, takalmana suna bakin ƙofar da kike tsaye. Kika ce, “Baƙo ne, kwana biyu zai yi ya koma.”

Ba daga bakinki na ji ba, ko wannan mutuncin ba ki yi mini ba. Ondina ce ta tare ni a matattakala, bakinta har kunne, ta ce, “Farfesa, hukuma ta zo nemanka. Mun gaya musu gaskiya.” Na shigo na tarar kin dafa miyar wake da kabeji mai tsami, wadda kika san ina so, kina ta zuba mini kina zancen tsadar kifi. Na ci, Allah ya sani, na ci ina kallon wuyanki, wuyan nan mai kama da na balbela, ina mamakin yadda ƙarya ta bi ta cikinsa ta fito ba ta shaƙe ki ba.

Baƙo! Baƙo ne yake shafa miki mai a baya idan sanyi ya kama ki? Baƙo ne ya san kina kuka duk ranar da aka buga ƙararrawar coci ta mamata? Baƙo kike riƙe wa hannu a ƙarƙashin tebur, ki saki da zarar mai kawo kofi ya matso?

Yanzu ga labarin da ba ki sani ba, tunda kin gudu ranar da wasiƙar hukuma kan rajistata ta iso. Likitata ta Lecce ta aiko mini da fayil ɗina ta gidan waya. Mai kawo wasiƙa ya nemi sunana a akwatuna bai gani ba, sai ya miƙa wa wa? Wa ke tsaye a ƙofa kullum? Ambulan ɗin yana ɗauke da sunan sashen masu sauya jinsi na asibitin ɓaro-ɓaro, kuma ya iso hannuna a buɗe, an sake liƙe shi da yawu. Shekaranjiya Ondina ta gaishe ni a gaban mai gyaran famfo, ta ce, “Ina kwana, 'yan mata? Yaya gemun, yana nan ko ya fara zuba?” Jiya mai burodi ya kasa kallon idona. Unguwa duk ta ji.

Kin gani? Abin da kike tsoro ya faru, kuma tsoronki ne ya jawo shi. Da guntun takardar nan yana jikin akwati, da wasiƙata ta faɗa inda ya kamata. To ga shi an sani, kuma teku bai ƙafe ba, benen bai rushe ba, Tullio bai fito daga kabari ba. Na amsa wa Ondina gaisuwarta, na ce gemu yana nan lafiya, ya ma fi nata tsari. Babu sauran abin da za ki ɓoye, ƙaunatacciyata. Abin da ya rage miki kawai shi ne kunya, ita kuwa ki zo ki ji ta a gabana.

Allurata ta ƙarshe ranar ashirin ga Agusta aka yi mini. Ranar Asabar ya kamata a yi ta gaba. Takardar kudu ta mutu tun ƙarshen Oktoba. Na tambayi likitan kuɗi, ganinsa da maganin sun cinye rabin fanshona, kuma ba sau ɗaya za a yi a gama ba. Na san abin da ke tafe, don na taɓa yin wata biyu babu ita: zafi ya taso daga ƙirji ya rufe fuska a tsakiyar titi, gwiwa ta mutu, zuciya ta yi duhu. Likitata ta ce idan abin ya daɗe, ƙashin mai shekaruna zai koma kamar busasshen biskit. Wannan jikin ba kyauta aka ba ni shi ba kamar yadda aka ba ki naki. Da aikina na saye shi, da uwata, da kowane teburin Kirsimeti da aka daina kirana. Ke kuma kika ba da shi don kada wata tsohuwa ta taɓe baki.

Hukuma ta ba ni kwana goma in kawo hujja, in ba haka ba su soke rajistar su mayar da sunana Lecce, ɗakin da wasu suke ciki yanzu. Ranar Juma'a kwanakin suke cika. Ƙofa ɗaya ta rage mini a can, ta ƙanwata Addolorata, wadda har yau da tsohon suna take kirana, take kuma sa a yi mini addu'a a coci kamar wanda ya mutu. Za ta karɓe ni, da murna ma, ta ba ni ɗakin da ke kusa da kicin, ta riƙa kirana da wancan sunan safe da yamma, ni kuma in riƙa amsawa don in sami adireshi, in sami allura. Can kike tura ni, kurciyata. Ina so ki san sunan wurin.

Ga takarda nan na haɗo miki a cikin ambulan. Layi uku ne, ni na rubuta, babu kuskuren nahawu ko ɗaya: cewa ina zaune a gidanki tun Yuli, cewa abin da kika gaya wa ɗan sanda ba haka yake ba. Ba a karɓa ta gidan waya, sai kin zo da kanki da katin shaidarki, ofishin rajistar mazauna, taga ta huɗu, kafin sha biyun ranar Juma'a. Daga Udine tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Ni na yi awa goma sha uku a jirgin ƙasa na zo gare ki, da akwati biyu.

Zan tsaya a ƙofar ofishin tun ƙarfe tara. Ba zan kawo fure ba, ba zan yi miki murmushi ba, kuma kada ki sa ran zan yafe a ranar. Ki zo kawai, ki faɗa wa matar da ke bayan gilashi, da muryar da na baya a layi zai ji, cewa mutumin nan a gidanki yake kwana. Idan sha biyu ta buga ban gan ki ba, Asabar zan bar miki makulli a wurin Ondina, tunda ita ce mai gidan.

Kada ki ɗauka tafiyata za ta sauke miki nauyi. Na gwada tsanarki kwana shida cur, da dukan ƙarfina, na kasa kaiwa ƙarshe. Ko a ɗakin Addolorata, ko ƙashina yana marmashewa, ke zan ci gaba da so, ba wata bayanki, kuma za ki rayu kina sane da haka.

Naki har a rufe ni, ko kin zo ko ba ki zo ba,

Ettore