Halwar da Ban Taɓa Yi Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma a kai ƙarshen bayanina kafin a yanke mini hukunci. Ban saba neman shawara ba, wurina ake zuwa nema.

Ni dattijo ne mazaunin Kontagora, shekaruna sun haura saba'in. Na yi aikin safiyo, wato awon filaye, har na yi ritaya da mutuncina. A zamanin aiki mukan yi makonni a daji cikin tanti, kuma a can ne wani abokin aikina, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya fara ɗanɗana mini jar giyar inabi. Ban taɓa sha a cikin gari ba, ban taɓa taka mashaya ba, ban taɓa yin tangaɗi ba. Amma kowace damina, idan marka ta kankama, nakan ɗauki tsohon tantina in tafi gonata ta wajen Kaboji in yi kwana uku ni kaɗai. In kafa shi a gindin ɗorawa, in zauna a bakin ƙofa da rigar sanyi, yayyafi yana sauka a kan tamfol, ƙasa tana ƙamshi, in tsiyaya a kofin shayi ina kurɓa a hankali ina kallon dawa. Kwalba ɗaya ke kai ni kwana ukun. Na san haramun ce, na yi karatun da zan sani. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, babu kwanakin da suka fi mini waɗannan daɗi a shekara.

Ban taɓa cewa halwa nake zuwa ba. Maiɗakina ce, Hajiya, da mata suka dame ta da tambaya, ta ce ai Alhaji keɓewa yake yi da Ubangijinsa, domin haka ta zata da zuciya ɗaya. Maganar ta dawo kunnena, ban musa ba.

Bara, a rana ta biyu da hantsi, ina kan kofi na biyu, sai na hango mutum tafe cikin yayyafi ya rufe kai da buhu. Audu ne, maƙwabcin gonata, Bakambare mai kunya wanda bai taɓa tsallake iyakata ba. Na tura kwalbar bayan katifa da ƙafa. Ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa da kwanon ruwa a hannu, ya ce matarsa ta kwana huɗu cikin zazzaɓi har ba ta gane mutane, kuma ya ji an ce ina cikin halwa. Na ce ya kai ta asibiti, ya ce mashin yake jira. Sai ya miƙo kwanon ya ce, "Baba Alhaji, ka tofa kawai. Yanzu bakinka yana da tsarki." Me ya hana ni in ce ba ni da alwala? Me ya hana ni in ce ni ba malami ba ne? Girman kai ne. Na karɓa, na kau da fuska kada ya ji numfashina, na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na tofa a ruwan da bakin da giya ba ta bushe a kansa ba. Ya yi godiya ya tafi. Na koma na zauna, na ƙarasa abin da ke cikin kofin.

Matar ta warke. Allura aka yi mata a asibiti, amma Audu ba allurar yake yabawa ba. Labari ya bi kasuwa ya iso gari. Tun daga nan ake aiko mini da ruwa a robobi, ni kuma ina tofawa, domin ban san da wane baki zan ƙi ba. Hajiya har ragowar ruwan da na sha take ajiye wa jikoki.

Makon jiya limamin masallacin unguwarmu ya zo gidana da kansa. Na'ibinsa ya rasu, kuma ya ce bakin dattawa ya haɗu a kaina in maye gurbinsa. Na kawo uzurin ciwon gwiwa, na ce karatuna na boko ya fi yawa. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wanda ke barin gadonsa ya kwana a daji cikin marka saboda Allah, ba gwiwa ce za ta hana shi tsayuwa gaban sahu ba." Ya ce ranar Juma'ar nan mai zuwa za su sanar da jama'a.

Na yi zaton zan yi kuka bayan fitarsa, ko in kasa cin abinci. Na ci tuwona, na ji labarai a rediyo. Ina yin istigfari, amma yana fita ne kamar ina karanta lambobin filaye, ba ya taɓa komai a ƙirjina. Ban ma iya rantsuwa cewa na bar giyar ba.

Idan na karɓa, zan ja salla ga mutanen da suka bi ni a kan ƙarya. Idan na ƙi ba dalili, za su ce tawali'u ne su ƙara matsawa. Idan na faɗa wa liman gaskiya, Hajiya za ta ji, kuma Audu zai san abin da ya ɗaga kan matarsa ya ba ta ta sha. Juma'a saura kwana uku. 'Ya'yana masu karatu, me zan yi?