Jinin Baffa Sani

Assalamu alaikum, Yaya Bello.

Ina gaishe ka da Hajara da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Boɗinga lafiya lau, alhamdulillahi.

Labarin Baffa Sani zan ba ka. Likitoci a Sakkwato suna bincike kan dangin waɗanda dajin hanji ya kashe, sai sunka kira mu saboda Baba. Jini suke ɗiba su duba yadda ƙwayoyin gado ke aiki, don ciwon kan canza su tun mutum bai ji komai ba. Baffa ya ce, "Ni da ke ɗaukar buhun albasa, mi za a gwada?" Sai da Inna ta tuna mishi wahalar da wansa ya sha sannan ya tafi.

Nawa ya fito lafiya, nashi ya nuna alama. Da anka leƙa hanjin da na'ura, anka iske ɗan ƙari kamar gyaɗa, anka cire. Yanzu har yana fita masallaci.

Saura kai. Inna ta ce kada ka aiko da tsaraba, ka taho da kanka a ɗebi jininka. Ka sa mu addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza