Gurbin da Ke Cikin Waƙar Gulbi

Illo, 9 ga Maris, 2002

Zuwa ga jikana Zayyanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa. Matarka Tasallah tana gaishe ka, ta ce tun da ka bar mata tsoho ba ta huta da mita ba.

Lauwali mai shagon magani ya karanta mini takardarka, shi ne kuma ke rubuta wagga. Na ji digiri na biyun naka a kan waƙarmu ta Sarkawa za ka yi shi. Ban san ana zuwa jami'a a koyi abin da na koya ina tsamo taru ba, amma to.

Sai dai wani abu ya hana ni zama. Ka ce kai da malaminka kun saurari kaset ɗin da ka ɗauka bara, kun ji ina yin shiru a wuri guda kullum, bayan sunan Ma'azu na Kende. Har ka rubuta babi guda, wai salo ne na masuntan Kabi, wurin da mawaƙi ke barin filafili ya yi magana. Zayyanu, kada ka miƙa wannan babin. Ka zo gida tukuna.

Kakanka,
Ɗanmusa

Illo, 2 ga Afrilu, 2002

Zayyanu,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya. Ka ce ba ka iya zuwa sai ka ƙare, kuma malamin ya yaba babin. Ya yaba me?

Tun da aka fara Shari'a samari suka daina tambayata waƙar, wasu na ganin barinta ya fi. Ban yi musu da kowa ba. Na dai san ba kiɗa a cikinta, sunayen waɗanda gulbi ya ci ne, tun kakan kakana, kowane da addu'arsa. Dā nakan ƙetara zuwa Benin wurin abokina Hamma mu yi ta tare cikin jirginsa. Makon jiya na hau mashin na je, na tarar ya rasu, har an yi bakwai ɗinsa. Yanzu saura ni. Jiya na tsallake sunaye biyu, sai da na kai bakin ruwa suka dawo mini. Na kasa zama, na kasa kwanciya, Tasallah ta ce na ishe ta da zirga-zirga.

Kakanka,
Ɗanmusa

Illo, 20 ga Afrilu, 2002

Zayyanu,

Gaisuwa da fatan alheri. Tun da ka kafe sai na faɗa a takarda, taurin kan nan na san inda ka gado shi.

Ba salo ba ne. Bayan Ma'azu, wanda gulbi ya ɗauka ubanka ne, kana da wata bakwai. Ɗana na fari ne. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, ka san al'ada, ban kuwa iya farawa ba don ya mutu. Shekara ashirin da shida ina zuwa wurin in rufe baki. Hamma ne ke faɗin sunan a madadina. Ran da ka ɗauki kaset ba ya nan.

In na mutu haka, littafinka zai koya wa mutane shirun, su ɗauka gwaninta ce, shi kuwa ya fita daga waƙar.

Ka yage babin ko ka gyara, kai da malaminka. Amma ka zo kafin ruwa ya cika. Zan tuƙa ka da kaina, in ja waƙar har Ma'azu, in yi shiru. Sunan ka san shi, yana biye da naka a bayan wannan ambulan. Lauwali ne ya rubuta, ni ban faɗa ba.

Ka zo da kaset sabo.

Kakanka,
Ɗanmusa