Tagar da Na Sa Aka Huda a Ɗakinki

Zuwa ga uwar ɗiyana, Hajiya Zinatu, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar da ba ta yanke ba tun ranar da muka kai ki makwancinki a Allakaye, ina sanar da ke halin da gida yake ciki. Sanyi ya fara shigowa. Jikanki Habu, ɗan Sani, yana ɗauke da amosanin jini, ciwon da ya yi ajalin ɗanmu Mamman. Ƙanwarki Kulu ce ke jinyarsa, kuma tana yi masa abin da kike yi wa Mamman, da sunanki. Shi ya sa na rubuta a fili, inda dangi za su karanta.

Kin tuna yadda kike yi idan ƙasusuwan Mamman suka tashi. Ki cika kasko da garwashi, ki ja ƙyaure, ki bi kowace kafa ta bango ki toshe da tsumma. Abin da kike faɗa kullum shi ne, "Iska ce maƙiyiyar wanga yaro." Ni da nake koyar da ɗiyan mutane a lekol, makarantar boko, ni ne mai sayo gawayin.

Na tuna wata safiya da ɗiyarmu Rabi, tana ƙarama, ta fito daga ɗakin tana riƙe da kai, ta zube bakin randa. Kika ce kasala ce, kika ba ta fura.

Rabin nan taki yanzu likita ce mai bincike. Aikinta shi ne gano yadda jiki ke sanin iskar numfashi ta yi masa ƙaranci. Ta yi mini bayani a zaure, a hankali, kamar yadda na taɓa koya mata haruffa. Kowace ƙwayar jiki tana da ma'auninta. Idan iska ta ragu, ƙoda takan aika saƙo cikin ƙashi a ƙara sabon jini. Ga mai lafiya wannan taimako ne. Amma jinin Habu, da zarar iska ta yi masa kaɗan, ƙwayoyinsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su cushe a jijiya, ciwo ya tashi. Garwashi kuwa a rufaffen ɗaki yana cinye iskar, ya bar wata guba marar wari.

Na tambaye ta ko wannan ne ya kashe Mamman. Ta ƙi amsawa yadda na so. Ta ce ajali na Allah ne, ciwon yana da hanyoyi da yawa, kuma game da sanyi kina da gaskiya, domin lalle yana tayar da shi. Ta ce ɗumin da kika nema daidai ne, hanyar ce ke buƙatar gyara: gwado mai kauri, ruwan ɗumi a sha da yawa, taga a buɗe, wuta a waje, kuma idan zazzaɓi ya zo a tafi wurin majo, ma'aikacin asibiti, ba jinkiri. Ba ta ce ta samo magani ba. Ta ce ita da abokan aikinta suna kan hanya, ni kuma na yarda da ita, domin ban taɓa jin ta ƙara gishiri a magana ba.

Kulu ba ta saurare ta ba. Amsarta ɗaya ce: "Haka yayata ka yi, ɗiyar da na goya ba ta koya mini jinya." Ban ga laifinta ba. Ƙaunarki ce take karewa.

Saboda haka na kira magini, na sa ya huda taga a ɗakinki, inda Habu yake kwana. Kulu ta toshe ta da tsohon zane. Na cire, ta mayar. Daga baya na zauna da ita na tambaye ta game da ke, Zinatu: ke da kika ɗauki Mamman a baya har Bouza da ƙafa don kin ji an kawo sabon magani, shin za ki ji wannan bayani daga bakin ɗiyarki ki juya masa baya? Ta yi kuka, ta ce da kina nan da hannunki za ki fasa bangon. Ita ta zare zanen da kanta, ta fitar da kaskon tsakar gida.

Zinatu, na san ki. Ba ki taɓa riƙe al'ada sama da ran yaro ba, kuma ba zan bari a yi hakan da sunanki ba.

Ga dangi da maƙwabta masu karanta wannan, daga Allakaye har Ibohamane da Galma inda ɗiyanmu suke aure, ina roƙonku da girmamawa: kada a sake rufe mai wannan ciwo da garwashi. Rabi za ta zo da abokan aikinta neman waɗanda suka yarda a gwada jininsu. Ba tilas, amma ku saurare ta kafin ku yanke shawara. Ni zan fara miƙa hannuna. Ina neman haɗin kan kowa, malamai da iyaye mata musamman.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Mamman cikin rahamarsa, ya raya mana Habu.

Mijinki,
Mushe Idi, wato Malam Idi, tsohon darektan lekol