Kada a Taɓa Kwamfutar Falo

Yaya Musaddiq,

Na wuce tashar Titin Bauchi kana barci, ban so in tashe ka ba.

Jiya na gama da sabar ofishinmu ta Legas, wato babbar kwamfutar da nake shiga daga nan ta intanet. Na toshe shiga da kalmar sirri, masu gwada sa'a sai su nemi wata sana'ar. Yanzu sai da makulli, wani ɗan fayil ne, kuma a kwamfutar falo kaɗai yake, don filashina ya ƙi aiki.

Na ji ka ce wa Pwajok mai gyara ya zo yau ya goge ta saboda nauyi. Don Allah dakatar da shi sai na dawo Alhamis. In makullin ya tafi, ni ma na kulle kaina a waje. Sai tafiya Legas a buɗe sabar da hannu ke nan, kuma kai ne direba.

Fiddausi